Reza guda, kai guda: abin dubawa wajen sayen kayan aski

Idan kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, an sayar da ɗan wake da gujiya, magidanci yakan tuna da jikinsa. Ranar kasuwa, bayan ya sayi gishiri da kanwa da zanen uwargida, sai ya ratsa wajen masu tebur ya nemi abin aski. A babbar kasuwar Maradi, da kasuwar Dole ta Damagaram, da Katako a Yamai, har da kasuwannin ƙauye masu ci mako-mako, ba a rasa teburin da maza ke tsayawa. Ga reza cikin ƴan kwalaye, ga abin aski na roba mai mariƙi, ga almakashi da mataji da madubi da buroshi, ga hoda da turare da man shafawa da baƙin rinin gashi, ga kuma injin aski mai aiki da lantarki ko da batir. A manyan birane har shaguna ake buɗewa waɗanda ba su sayar da kome sai kayan gyaran maza.

Ciniki ne na ƴan daloli, shi ya sa ba a yi masa dogon tunani. Mutumin da zai yini yana buɗe bakin rago, yana taɓa gadon bayansa kafin ya taya, shi ne zai karɓi reza ya jefa aljihu ko kallonta bai yi ba. Alhali kuwa cikin duk kayan da ya saya a ranar, ita kaɗai ce za ta sadu da jininsa. Wannan ne ya sa muka kawo maganar kayan aski a shafin lafiya.

Daga aska zuwa reza

Kakanninmu ba su san sayen reza ba. Aska maƙeri ke ƙera ta, wanzami ya wasa ta a dutse, ya goga ta a fata, ya adana ta cikin zabira tare da ƙaho da sauran kayan aikinsa. Aska guda takan yi shekaru, wani lokaci ma uba ya bar wa ɗa. Kowane gida yana da wanzaminsa, kuma a ƙauyuka da yawa ba a biyansa ranar aski, sai da kaka a kai masa damin hatsi.

Reza baƙuwa ce. Wani Ba'amurke mai suna King Camp Gillette ne ya fara sayar da irin wadda muka sani, siririya mai baki biyu, a shekarar 1903. A waccan shekara duka-duka reza 168 ya sayar. A 1975 kamfanin Bic na Faransa ya fito da abin aski na roba wanda rezar ke manne da mariƙinsa. Dabarar masu ƙera waɗannan kaya guda ce: a yi abu mai araha wanda mutum zai yi aiki da shi, ya yar, ya sayi wani. Mu kuwa mun karɓi kayan, amma muka riƙe su riƙon askar gado. Da aka karya darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, kayan waje suka yi tsada, sai wannan ɗabi'a ta ƙara zama a jikin mutane.

A zagayen da muke yi na azuzuwan yaƙi da jahilci mun sha ganin yadda reza ke rayuwa a gidajenmu. Maigida ya yi gyaran fuska da ita, ya ɗora ta kan katangar makewayi. Ƙanensa ya zo ya ɗauka don tsabtar da addini ya ce kada a bari ta wuce kwana 40, wato askin hamata da mara. Uwargida ta yanke farce da ita. Daga nan yaro ya fiƙe fensir, ya yanke yatsa, ya tsotse jinin ya wuce. A wasu makarantun allo kuma akan jera yara goma ko ashirin ranar Alhamis, babban almajiri ya bi su da reza guda har ta dakushe. Ba mugunta ba ce, tattali ne. Sai dai tattalin yana da tsada.

Cutar da ba ta mutuwa a bakin reza

Da an ce reza tana ɗaukar cuta, abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne sida, wadda aka fara tabbatar da ita a Nijar a 1987. Tsoronta ne ya fara sa masu aski canza reza a gaban mutum. Amma ƙwayar sida ba ta da ƙarko a wajen jiki; da jini ya bushe takan raunana da sauri. Kamuwa da ita ta hanyar aski abu ne mai wuya, ko da yake ba a ce ba ya yiwuwa ba.

Wadda ta fi cancanta a ji tsoro ita ce ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Wani likitan Amurka, Baruch Blumberg, ya gano alamarta cikin jini a 1965. Tana iya yin aƙalla kwana 7 da ranta cikin busasshen jini, a kan ƙarfe ko tsumma, kuma jinin da ido ba ya gani ma ya ishe ta. Ta fi sida saurin kama mutum sau 50 zuwa 100. Ke nan rezar da aka yi aski da ita ranar Juma'a, aka ajiye, tana iya harbin wanda ya ɗauke ta ranar Laraba.

Muguntar wannan ciwo ita ce shirunsa. Wasu in ya kama su sukan yi zazzaɓi da kasala, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja kamar shayi, a ce shawara ce. Amma da yawa ba su ganin alamar kome. Mutum yana noma, yana aure, yana haihuwa, ƙwayar tana cin hantarsa a hankali shekara 20 ko 30. Ran da ta bayyana, sai a ga ƙato ya rame, ciki ya kumbura da ruwa, ƙafafu sun haye, wani har ya yi aman jini. Hanta ta ƙandare ke nan, ko kuwa ciwon daji ya kama ta. A nan ne za a fara cewa sammu ne, ko an ba shi wani abu a fura, a yi ta zargin kishiya ko abokin gabar gona. Mun ga gidajen da zumunci ya lalace a kan irin wannan zargi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da wannan ƙwaya a duniya, miliyan 65 daga cikinsu a yankin Afirka, kuma ta kashe kamar miliyan 1 da dubu 100 a waccan shekara. Akwai kuma ƙanwarta, nau'in C, ita ma ta jini take bi. Ita ba ta da allurar rigakafi, amma akwai ƙwayoyin da ke warkar da ita cikin wata 2 zuwa 3. Nau'in B kuwa yana da rigakafi, yana kuma da maganin da ke danne shi, irin su tenofobir, amma maganin ba ya fitar da shi daga jiki kwata-kwata, sai a yi ta sha.

Kada mu ɗora wa reza laifin da ya fi ƙarfinta. A ƙasashenmu yawancin masu wannan ciwo tun suna ƙanana suka ɗauke shi, daga uwa lokacin haihuwa, ko daga sauran yara ta ƙuraje da gyambo da ƴan raunuka. Yana bin saduwar aure, da allurar da aka yi wa wani, da ƙarin jinin da ba a gwada ba. Ba ya bin gaisawa, ba ya bin cin tuwo kwano guda. Reza ƙofa ce guda cikin ƙofofi, amma ita ce wadda rufe ta ya fi kowace araha, kuma mabuɗinta yana hannun magidanci.

Tun da shafin nan na manoma ne, sai mu ƙara da wannan. Gujiya da masarar da aka adana da danshi sukan yi fumfuna, kuma fumfunar tana fitar da wata guba mai suna afalatoksin, wadda ita ma hanta take hari. Mai ɗauke da ƙwayar B in yana yawan cin irin wannan, haɗarin ciwon dajin hanta yakan ninka masa sau da yawa. A shanya gujiya ta bushe sarai kafin a ɗura buhu, a tsince baƙaƙe da masu ɗaci a zubar, kada a ce za a yi ƙuliƙuli da su.

Ranar suna

Inda maganar ta fi nauyi shi ne kan jariri. Babba in ƙwayar B ta shige shi, mafi yawan lokaci jikinsa yakan yaƙe ta ya kore ta. Cikin mutum 100 ba a samun 5 da take zame musu ta dindindin. Jariri kuwa akasin haka ne: cikin 10 da suka kamu, kusan 9 za su rayu da ita har girma.

To, ku duba abin da muke yi a rana ta bakwai. Wanzami ya zo da sassafe ya aske kan jinjiri, wani wuri a yi masa tsaga, a cire beli. Wataƙila askar daga wani gidan suna ta fito, ko jiya aka yi ƙaho da ita. A Nijar, tun 2008 rigakafin ciwon hanta B yana cikin allurar nan mai kare cuta biyar da ake yi wa yara a mako na 6, na 10 da na 14. Amma ranar suna yaro bai kai ko mako 2 ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa kowane jariri allurar farko cikin awa 24 da haihuwa. Duk wanda matarsa ta haihu ya tambayi wannan allura a gidan likita. Mace mai ciki kuma ta nemi a gwada jininta lokacin awo.

Uban da ya iya sayen rago da goro da dabino, ba zai kasa sayen sabuwar reza ba. Ya saye ta tun cikin yana wata takwas, ya ajiye ta cikin takardarta. Ya sayi biyu ma: in haihuwa ta zo wa mace a gida kafin a kai ga likita, ungozoma ta yanke cibiya da sabuwa, domin tsohon ƙarfe mai ƙasa-ƙasa shi ke kawo wa jariri ciwon dahi. Maganar cire beli kuwa, likitoci sun daɗe suna cewa babu amfanin da yake yi, sai zubar jini da ciwo.

Mu iyaye da aka haifa kafin 2008, mafi yawanmu ba a yi mana wannan rigakafi ba. Gwajin ɗigon jini ne daga yatsa. In ba a sami ƙwayar ba, sai a yi allura 3 cikin wata 6. In an same ta, likita ya duba lafiyar hantar, a kuma gwada iyali.

Abin da za a duba a kan tebur

Reza ta kirki tana zuwa cikin takarda biyu, ta waje mai rubutu da ta ciki mai santsi, duka a liƙe. Wadda takardarta ta yage, ko ta jiƙe ta bushe, ko aka ga ɗigon tsatsa a bakinta, a bar wa mai tebur kayansa. Sayen kwali guda ya fi sayen ɗai-ɗai, don ya fi araha, kuma wanda ke da saura a gida ba ya jin ƙyashin yar da tsohuwa. Akwai jabu da yawa masu kwaikwayon sunan manyan kamfanoni, sukan canza harafi guda kawai. Jabu ba ta da kaifi, tsige gashi take yi, kuma reza mai tsiga ta fi mai kaifi yanka mutum.

Bari mu yi lissafi irin na aji. A ce reza guda dala 5 ce, mutum kuma yana aski sau 2 a wata. A shekara aski 24 ke nan. Dala 5 sau 24, dala 120. Bai kai jika guda ba, wadda take dala 200. Ko da a kasuwarku ta ninka haka, ku gwada shi da kuɗin mota zuwa babban asibitin Damagaram ko na Yamai, ban da gwaji, ban da magani, ban da damina guda da za a rasa.

Abin aski na roba na mutum guda ne. In maza sun yi yawa a gida, kowa ya sayi launi dabam, ko ya ɗaura wa nasa zare. Bayan aski a ɗauraye shi, a yarfe ruwan, a rataye inda zai bushe. Haka almakashin gashin baki, haka abin yanke farce. Masu yawo da almakashi suna yankan farce a tasha da bakin kasuwa su ma suna fid da jini. Wanda ya saba da su ya riƙa miƙa musu nasa.

Akwai wani ƙaramin abu da ake mantawa: alif, farin dutsen nan da ake jefawa cikin ruwan tabki laka ta kwanta. Masu aski sukan goga shi inda aka yanke don jini ya tsaya. Yana tsayar da jinin kuwa, amma dutse guda da ke bin raunin kowa ba shi da bambanci da reza guda. Kowa ya sayi ɗan gutsurensa.

Injin aski

Samari da yawa sun bar reza sun koma inji, suna ganin shi ba ya yanka. Yana yanka, musamman in an matse haƙoransa don a yi tal-kwabo ko a fid da layin goshi da ƙeya. A wani bincike da aka wallafa a 2018, likitoci a birnin Kef na Afirka ta Kudu sun binciki injin aski 50 da suka karɓa daga shagunan unguwanni. Sun sami alamar jini a kan 21, alamar ƙwayar B a kan 4. Ba su sami ta sida ba ko a guda.

Wanda ke da hali, sayen injin kansa ya fi, ya riƙa zuwa da shi wurin mai aski. Ga mutumin ƙauye mai batir da ake cajawa ya fi dacewa, tun da hasken rana ya kawo caji kusan ko'ina. A sa mai shago ya kunna shi a ji ƙararsa, a duba ko bakin yana kwancewa don wanki, a tabbata akwai ɗan buroshi da mai a cikin kwalin. Mu dai muna ganin inji mai matsakaicin kuɗi wanda bakinsa ke fita ya fi mai ƙyalƙyali da fitilu wanda ba a iya buɗe shi.

Wanda ba shi da hali, ya sa ido a kan yadda mai askin ke tsabtace nasa. Hura shi da baki ba tsabta ba ce. Zuba masa fetur ko kananzir ba ya kashe ƙwayar cuta, ƙona fata kawai yake yi. Ƙyasta masa wuta na ƙiftawar ido ya fi kama da burge mai kallo. Abin da ya dace shi ne a fara goge gashi da dauɗa da buroshi, sa'an nan a jiƙa bakin da alkol mai lamba 70 na farmasi, a bar shi ya ɗan jima kafin a kai shi kan wani.

Aska da almakashi da bakin injin da aka kwance, a wanke su da sabulu, a tafasa su minti 20. In ba hali, a tsoma su cikin ruwan jabel minti 10. Jabel ɗin da aka rubuta 2,6% a jikin kwalbarsa, awo 1 ake zubawa cikin awo 4 na ruwa. Bayan haka a ɗauraye da ruwa mai tsabta a shanya, domin jabel yana sa ƙarfe tsatsa. Haɗin na yini guda ne, gobe a sake wani. Kada a ajiye kwalbar a rana, kada a juye shi cikin gorar ruwan sha inda yaro zai kai baki.

Mataji da buroshi da ƙyallen da ake yafa wa mutum a wuya ba su ɗaukar ciwon hanta sosai, amma su ne dokin makero. Yaron da aka ga kansa ya yi fari-fari, gashi yana kakkaryewa a zagaye, kada a aske shi da kayan sauran yara. Makeron kai kuma shafe-shafe kaɗai ba ya kashe shi, sai an haɗa da maganin sha na makonni daga likita.

Ƙurajen aski da kwalaben da ake tallata musu

Rabin kayan da ke kan teburin nan don ƙurajen aski ake sayar da su. Ya kamata mu san asalinsu. Gashinmu murɗaɗɗe ne. In an aske shi ƙwal, har ƙasa da fata, sai tsininsa ya lanƙwaso ya soki fatar yayin da yake tsirowa, wurin ya kumbura ya yi ƙurji. Ba ƙazanta ba ce, ba kuma mugun jini ba ne. Maganinsa yana cikin yadda ake askin. A jiƙa gemu da ruwan ɗumi da kumfar sabulu, a bi gashi ta inda ya kwanta, kada a ja fata a miƙe ta, kada a maimaita wuri guda sau uku. Abin aski mai reza uku ko huɗu, wanda ya fi tsada, shi ya fi kawo wa irin fatarmu ƙuraje, don ya fi yankewa ƙasa. Wanda abin ya dame shi ya bar gemun wata guda, ya riƙa rage shi da almakashi ko inji. Ɗan man kaɗe bayan aski ya wadatar.

Ƙurajen ƙeya masu tauri, waɗanda ke haɗewa su zama tudu, su na likita ne, kuma tun suna ƙanana. Mun ji ana shafa musu man birki da ruwan batirin mota. Wannan ƙuna ce ake ƙara wa ciwo.

A yi hattara da ƴan bututun man da ake cewa suna goge tabo cikin kwana uku. Da yawa a cikinsu magunguna ne masu ƙarfi da bai kamata a shafa ba sai da izinin likita. In an ga an rubuta clobetasol ko betamethasone ko hydroquinone a jikin kwali, to irinsu ne. Da fari fuska takan yi sumul, daga baya fata ta yi siriri, ta yi dabbare-dabbare, ƙuraje su dawo fiye da da. In makero aka shafa wa, sai ya ɓoye ya yaɗu. Wasu sabulai da mayukan hasken fata kuma akwai zaiba a cikinsu, mai lalata ƙoda.

Baƙin rinin gashi, wanda dattawa masu neman ƙarin aure suka fi kowa saye, yana ɗauke da wani sinadari da ake taƙaita sunansa PPD. Wasu jikinsu ba ya karɓarsa, fuska ta kumbura har ido ya rufe. A fara ɗiga kaɗan a bayan kunne a jira kwana 2. A kuma ɓoye shi nesa da yara, domin guba ne in an sha. A Sudan da Maroko ya kashe mutane da yawa. Lalle tsantsa, wanda magabata ke sa wa gemu, ba shi da wannan illa.

Ga inda karatu ke biyan mai shi. A jikin kwalba ko gindin kwali akwai haruffa uku, EXP, da lambobi a gabansu. In an rubuta 06/2027, ma'anarsa kayan sun ƙare aiki a ƙarshen wata na 6 na shekarar 2027. Kayan da ba su da wannan, ba su da sunan ƙasar da aka yi su, ko aka kankare lambar, ba abin saye ba ne. Muna roƙon malaman azuzuwa su sa ɗalibai su zo da kwalayen da ke gidajensu, a yi darasin karatu da lissafi a kansu.

Yadda za a gaya wa wanzami

Abin da ya fi wuya ba sayen rezar ba ne, miƙa ta ne. Wanzamin gida ba baƙo ba ne. Shi ya yi wa maigida askin suna, shi ya yi masa kaciya, ya san asirin gidan. Yaya za a dube shi a ce askarsa ba ta da tsabta? Mutane da yawa kunya ce ke sa su sunkuyar da kai a yi musu da abin da aka ga dama.

Ba sai an ce askarsa tana da wani abu ba. Wani magidanci a karkarar Tawa ya nuna mana yadda yake yi. Yakan gaisa, ya ce: "Sarkin aska, ga wannan a yi mini da ita. Likita ya ce jinin kowa ya tsaya a jikinsa, ni ma ban san abin da ke cikin nawa ba." Da ya ɗora abin a kan jininsa, sai maganar ta fita daga zargi. Ladan wanzami kuma ba ya raguwa, damin kaka yana nan. Ai shi ma wanzamin riba gare shi, don shi ne hannunsa ke cikin jinin mutane kullum, kuma cikin garin nan babu wanda ya fi shi bukatar gwaji da rigakafi. Akwai mariƙi mai kama da aska wanda ake sa wa rabin reza. Wanzamai da masu askin birni da yawa sun koma gare shi. Karya sabuwar reza biyu ba laifi ba ne, muddin kowane rabi kai guda zai aske. A dai buɗe takardar a gabanka.

Alhazai shaida ne. A Mina, hukumomin Saudiyya suna gargaɗin mahajjata su je wurin masu aski masu izini, waɗanda ke sa sabuwar reza ga kowane kai, su guji masu tsayawa a bakin hanya. Hakimai da limamai da sarakunan aska za su iya zama su daidaita irin wannan a garuruwansu. Mai unguwa ko wani mai hali da ke neman lada, kwalin reza da ya kai wa malamin makarantar allo sadaka ce da za ta aske kawuna da yawa.

Bayan an gama

Saura inda tsohuwar reza za ta. In an jefa ta a shara, juji za ta. Da bazara kuma jujin nan ne ake kwasa a amalanke a kai gona taki. Mai shuka ba takalmi ya taka ta, mai cira da hannu ya dafa ta, kuma ƙasar da ta gauraya da kashin dabbobi ita ce gidan ƙwayar ciwon dahi, mai sanƙarar da wuya ya ɗaure muƙamuƙi. Wanda irin wannan ta yanka ya wanke wurin da ruwa da sabulu nan take, ya je a yi masa allura, kada ya cusa ƙasa ko toka a ciki.

A nemi gwangwanin madara ko na tumatir mai murfi, a huda ƴar tsaga a samansa kamar asusu, a rataye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa. Duk rezar da ta gama aiki a zura ta ciki. In ya cika, a buge bakinsa da dutse ya rufe, a jefa shi cikin ramin salga, ko a haƙa rami mai zurfin kamu biyu nesa da gona da rijiya a binne.